Yadda Ake Auna Tasirin Mujallar Kimiyyar Bayanan Ƙasa, Mataki-mataki

Idan ka tambayi yawancin masu bincike nauyin wata mujalla, lamba ɗaya za su faɗa maka, wato ma'aunin tasirin da kamfanin Clarivate ke fitarwa duk watan Yuni. Lambar tana da amfaninta, amma a fagen kimiyyar bayanan ƙasa, wanda aka fi sani da GIS, ta fi ɓoyewa a kan abin da take bayyanawa. Dalili kuwa shi ne aikin wannan fage yakan daɗe kafin a gane darajarsa, kuma idan ya karɓu sosai sai ya shige cikin manhaja, mutane su riƙa amfani da shi kullum ba tare da sun ambaci wanda ya ƙirƙiro shi ba. Wanda yake son sanin gaskiyar tasirin mujalla a nan dole ya yi ɗan aiki da hannunsa. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi shi.

Mataki na farko: me kake son sani?

Rubuta tambayarka a jimla ɗaya kafin ka buɗe kowane shafi. Ɗalibin digirin digirgir da ke neman inda zai aika maƙalarsa yana son sanin ko masanan da yake fatan su karanta shi suna leƙa mujallar. Ma'aikacin ɗakin karatu yana son sanin ko kuɗin rajista zai biya buƙata. Ɗan kwamitin ƙarin girma kuwa yana auna mutum ne, kuma shi ya fi kowa bukatar taka-tsantsan, domin darajar mujalla ba ta zama darajar kowace maƙala da ke cikinta. Tambayar da ka rubuta ita za ta nuna maka matakin da za ka daɗe a kansa.

Mataki na biyu: tabbatar mujallar ita ce

Wannan ba ya ɗaukar lokaci, amma kada a tsallake shi. Nemi lambar ISSN ta mujallar, wato lambar shaidar da ake ba kowace mujalla, ka bincika ta a rumbun ISSN na duniya. Sannan ka duba sunanta a jerin mujallun Web of Science da jerin Scopus, manyan rumbunan da ke tattara maƙalu suna ƙirga ambatonsu, ka lura ko an rubuta cewa an daina sanya ta, domin akwai mujallun da aka cire amma har yanzu tambarin Scopus na manne a shafinsu. Idan mujallar ta kyauta ce ga mai karatu, duba DOAJ, kundin da ke jera irin waɗannan mujallu. Akwai kuma masu satar sunan mujalla ta gaskiya su buɗe shafin bogi suna karɓar kuɗi, kuma shafin Retraction Watch, mai sa ido kan maƙalun da aka janye, na da jerin irin waɗannan.

A wannan fage sunaye na kama da juna ƙwarai. ISPRS Journal of Photogrammetry and Remote Sensing, wadda Elsevier ke bugawa, daban take da ISPRS International Journal of Geo-Information, wadda MDPI ke bugawa tun 2012. Haka kuma wasu mujallun sun sauya suna. International Journal of Geographical Information Science ta fara fitowa a 1987 da kalmar Systems a ƙarshen sunanta, sai a 1997 aka mayar da ita Science. Cartography and Geographic Information Science ta faro ne a 1974 da sunan The American Cartographer. Idan ka bincika da sabon suna kaɗai, shekarun farko za su kuɓuce maka, kuma sau da yawa a can ne manyan maƙalu suke.

Mataki na uku: tattara lambobin, ka san abin da kowace ke ƙirgawa

Buɗe jadawali a Excel ko makamancinsa, ka yi layi ɗaya domin kowace shekara, aƙalla shekara biyar a jere. Lambar shekara guda ba ta nuna komai sai hoton rana ɗaya.

Ma'aunin tasiri na Clarivate ya samo asali ne daga tunanin Eugene Garfield, kuma tun 1975 ake buga shi a rahoton Journal Citation Reports. Lissafinsa mai sauƙi ne. Ana ƙirga ambato, wato sau nawa wasu maƙalu suka kafa hujja, a shekara guda, da abin da mujallar ta buga a shekaru biyun da suka gabata, a raba da yawan maƙalun bincike da na bita da ta buga a waɗannan shekaru biyu. A ce mujalla ta buga maƙala 200 a 2022 da 2023, aka ambace su sau 800 a 2024, to ma'auninta na 2024 ya zama 4.0. Akwai wani ɗan karkata a ciki: ana ƙirga ambaton da aka yi wa sharhin edita da wasiƙu a sama, amma ba a sanya su a adadin da ake rabawa da shi a ƙasa.

CiteScore na Scopus ya fito a 2016, kuma tun 2020 yana amfani da tazarar shekara huɗu. Yawanci lambarsa takan fi ta Clarivate girma, ba don mujallar ta fi kyau a can ba, sai don tazarar ta fi faɗi kuma Scopus ya ƙunshi mujallu da takardun taro da yawa. Kada ka taɓa jera CiteScore na wata mujalla kusa da ma'aunin Clarivate na wata ka ce ka kwatanta.

SJR, wanda ƙungiyar SCImago ta ƙasar Sifen ke fitarwa kyauta, yana duba shekara uku, kuma yana ba ambaton da ya fito daga mujalla mai daraja nauyi fiye da wanda ya fito daga ƙarama. SNIP na cibiyar CWTS ta Jami'ar Leiden yana daidaita lissafi gwargwadon yawan ambato da aka saba yi a fagen, wanda hakan ya sa yake da amfani na musamman ga GIS da ke tsakanin fannoni da yawa. Na ƙarshe shi ne h5 na Google Scholar: idan aka ce 50, ana nufin a shekaru biyar da suka wuce akwai maƙala 50 da kowacce ta samu ambato aƙalla 50. Wannan yana fifita mujalla mai yawan bugawa, don haka ƙaramar mujalla mai tsantseni kamar Journal of Spatial Information Science, wadda take fitowa tun 2010 ba tare da karɓar kuɗi daga marubuci ko mai karatu ba, ba za ta taɓa yin fice a wannan ma'auni ba komai ingancinta.

Idan kana da damar shiga rahoton Clarivate, ɗauko ƙarin lambobi biyu da mutane ke mantawa da su: ma'aunin shekara biyar, da kuma rabin rayuwar ambato, wato shekarun da za ka ƙirga baya kafin ka haɗa rabin ambaton da mujallar ta samu a bana. Idan na shekara biyar ya zarce na shekara biyu sosai, kuma rabin rayuwar ya yi tsawo, alama ce cewa maƙalun mujallar ba sa tsufa da wuri.

Mataki na huɗu: zaɓi abokan kwatance da kanka

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Rumbunan bayanai ba su da wani rukuni mai suna kimiyyar bayanan ƙasa. Mujalla ɗaya za ta iya bayyana a rukunin labarin ƙasa, ta sake bayyana a rukunin kimiyyar kwamfuta, ta zama a rubu'in farko a nan, a rubu'i na biyu a can. Saboda haka idan wani ya ce maka mujalla Q1 ce, wato tana rubu'in farko, tambaye shi a wane rukuni, a wane rumbu, a wace shekara.

Abin da ya fi shi ne ka haɗa naka jerin na mujallu shida zuwa goma da suke aiki iri ɗaya. Idan mujallar ta hanyoyi da ka'idojin nazarin wuri ce, abokan tafiyarta su ne irin International Journal of Geographical Information Science, da Transactions in GIS, da GeoInformatica, da Geographical Analysis, da Computers, Environment and Urban Systems, da Annals of GIS. Kada ka haɗa ta da manyan mujallun nazarin hotunan tauraron ɗan Adam irin Remote Sensing of Environment. Masu bincike a can sun fi yawa, suna bugawa da sauri, kuma tun da Amurka ta buɗe taskar hotunan Landsat kyauta a 2008 fagen ya bunƙasa ƙwarai. Lambobinsu za su fi girma, amma wannan girman jama'a ne, ba hujja ba ce cewa sun fi zurfin tunani.

Mataki na biyar: fasa matsakaicin, ka ga abin da ke ciki

Wannan shi ne matakin da na fi ba muhimmanci, kuma kowa zai iya yin sa ba tare da rajista ba. Ma'aunin tasiri matsakaici ne, ambato kuwa ba ya rabuwa daidai tsakanin maƙalu. Kaɗan ne ke kwashe mafi yawa. Kamar ka ce matsakaicin zurfin kogi ya kai ƙugu, alhali a gefe idon sawu ne, a tsakiya kuma ya shanye mutum.

Shiga OpenAlex, rumbun da aka buɗe kyauta a 2022 bayan an rufe na Microsoft Academic. Nemi mujallar, ka tace da shekara ɗaya da ta wuce da kamar shekara huɗu ko biyar, domin maƙalun sun samu lokacin tara ambato. Sauke jerin zuwa jadawalinka, ka cire sharhin edita da gyare-gyare da bitar littattafai, sannan ka jera sauran daga mai yawan ambato zuwa mai ƙaranci. Yanzu ka fitar da abu huɗu. Na ɗaya, adadin tsakiya, wato ambaton maƙalar da ta faɗo daidai tsakiyar jerin. Na biyu, kason ambaton da maƙalu goma na sama suka ɗauke. Na uku, yawan maƙalun da ba a ambace su ba ko sau ɗaya, ko kuma sau ɗaya ko biyu kacal. Na huɗu, sabon matsakaici bayan ka cire maƙalu uku na sama.

Adadin tsakiya shi ne ya fi kusa da abin da maƙalarka za ta samu idan ka aika can. Idan matsakaici ya faɗi warwas da ka cire ukun sama, ka san cewa wasu 'yan maƙalu ne ke ɗauke da sunan mujallar.

Daga nan ka karanta taken maƙalu goman sama, ka ga ko wane iri ne. A GIS sau da yawa za ka tarar maƙalun bita ne ko masu gabatar da manhaja. Maƙalar da Geoff Boeing ya gabatar da manhajar OSMnx a cikinta a 2017, a Computers, Environment and Urban Systems, ta samu ambato dubbai, domin duk wanda ya yi amfani da manhajar wajen nazarin hanyoyin birni yakan ambace ta. Haka maƙalar Google Earth Engine ta Gorelick da abokan aikinsa a Remote Sensing of Environment a wannan shekarar. Wannan tasiri ne na gaske, ba wanda zai musa. Sai dai bai ce komai ba game da yadda maƙala ta yau da kullum ke kasancewa a mujallar.

Maimaita wannan aiki a kan mujallu biyu ko uku daga jerin abokan kwatancenka, da shekara iri ɗaya da rumbu iri ɗaya. Sau da yawa za ka ga mujallu biyu da ma'auninsu ya yi nisa da juna, amma adadin tsakiyarsu kusan ɗaya ne.

Mataki na shida: su wa ke ambato, kuma don me?

Yawan ambato abu ɗaya ne, inda ya fito wani abu ne daban. Fara da ambaton kai, wato yadda maƙalun mujallar ke ambaton 'yan uwansu na cikin gida. Rahoton Clarivate yana nuna ma'aunin da aka cire wannan daga ciki. A ƙaramin fage kamar GIS ambaton kai ba laifi ba ne, tun da masana kaɗan ne ke tattaunawa a wuri ɗaya. Abin da zai ɗaga maka hankali shi ne ya yi tsalle kwatsam cikin shekara ɗaya ko biyu, ko ka ga wata mujalla guda tana zubo ambato da yawa ga maƙalun shekaru biyun da ake ƙirgawa kaɗai. Clarivate kan hana wasu mujallu ma'auni na shekara saboda irin wannan.

Sannan ka duba fannonin da ke ambaton mujallar. Manhajar VOSviewer, wadda ita ma daga Leiden take kuma kyauta ce, za ta zana maka taswirar hakan daga bayanan OpenAlex. Mujallar GIS da masana lafiyar jama'a da masu tsara birane da masana muhalli da na sufuri ke ambato ta fita daga da'irarta, kuma a ganina wannan yana daga cikin manyan alamun tasiri a fagen da aikinsa shi ne samar wa wasu kayan aiki. Maƙalar Luc Anselin ta 1995 a Geographical Analysis, kan auna dangantakar wuri da maƙwabtansa, misali ce: masu bin sawun cututtuka da masu nazarin laifuka da talauci duk da ita suke aiki.

Idan kana da haƙuri, ɗauki maƙala biyar daga tsakiyar jerinka, ka buɗe maƙalu biyar-biyar da suka ambace su, ka karanta jimlar da ambaton ya zo a ciki. Akwai wanda ya ɗauki hanyar ya yi aiki da ita, akwai wanda ya yi jayayya da ita, akwai kuma wanda ya jera ta cikin sunaye takwas a gabatarwa ba tare da alamar ya karanta ba. Duk ana ƙirga su ɗaya-ɗaya, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Mataki na bakwai: bi sawun aikin zuwa cikin manhaja

Wannan ne ya bambanta GIS da fannoni da yawa. A 1973 David Douglas da Thomas Peucker suka buga hanyar rage yawan ɗigogin layi ba tare da ɓata siffarsa ba, a mujallar The Canadian Cartographer, wadda daga baya ta zama Cartographica. Yau wannan hanya tana cikin manhajojin GIS irin QGIS da PostGIS da ArcGIS, ana kiran ta dare da rana a duk inda ake sauƙaƙa layin kogi ko iyaka domin taswira ta yi sauƙin buɗewa, kuma mafi yawan masu danna maɓallin ba su san sunan mujallar ba. A 1991 Max Egenhofer da Robert Franzosa suka buga maƙala a International Journal of Geographical Information Systems kan yadda za a fayyace dangantakar siffofi biyu, ko sun taɓa juna, ko ɗaya na cikin ɗaya, ko sun ratsa juna. Daga wannan layin bincike ne aka samu tsarin da ƙungiyar OGC, mai tsara ƙa'idojin bayanan ƙasa, ta sanya a ƙa'idojinta, wanda rumbunan bayanan wuri ke bi. Babu ma'aunin shekara biyu da zai iya ganin irin wannan.

To ta yaya za ka neme shi? Buɗe littafin bayanin manyan manhajoji, irin GRASS GIS da SAGA da PySAL da GeoDa da fakitocin nazarin wuri na R, ka bincika sunan mujallar a ciki, domin masu rubuta su sukan faɗi maƙalar da suka ɗauko hanya daga gare ta. Bincika sunan ko lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, ta manyan maƙalun a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja. Duba rumbun Lens domin takardun mallakar fasaha da suka ambace su. Idan cibiyarku na da rajistar Overton, zai nuna maka takardun gwamnatoci da hukumomin duniya da suka dogara da su. Makin Altmetric, wanda ke ƙirga yadda ake zancen maƙala a intanet, shi ma yana nuna wani abu, amma ka buɗe shi ka ga abin da ke ciki, domin ambato ɗaya a rahoton hukuma ya fi ɗaruruwan yaɗawa a dandalin sada zumunta.

Akwai wani gwaji mai sauri da ke da alaƙa da wannan. Ɗauki sababbin maƙalu goma, ka duba nawa ne suka ba da bayanansu da rubutun manhajarsu a wurin da za a iya saukewa, ka kuma danna mahaɗin ka ga ko yana aiki. Binciken da Daniel Nüst da abokan aikinsa suka buga a 2018 kan takardun taron AGILE na Turai ya nuna cewa maimaita sakamakon yawancinsu yana da wuya, abin da ya sa taron ya fito da ƙa'idoji da bita ta musamman kan hakan. Hanyar da wani zai iya ɗauka ya gwada a kan nasa bayanan ita ce ke yaɗuwa. Mujallar da ke tilasta wannan tana shuka tasirin da lambobinta ba su nuna ba tukuna.

Mataki na takwas: su wa ke rubutu, kuma a kan ina?

Fagen da ke nazarin wuri ya kamata a tambaye shi wuraren da ya rufe. Filip Biljecki ya yi nazarin maƙalu sama da 12,000 da mujallun GIS 20 suka buga tsakanin 2000 da 2014, ya gano cewa kashi 5 cikin ɗari na ƙasashen duniya ne suka samar da kashi 76 cikin ɗari na aikin. Don haka ka duba ƙasashen marubutan mujallar da na kwamitin editocinta, ka kuma duba wuraren da aka gwada hanyoyin. Hanyar da aka gwada a biranen da ke da cikakken adireshi da bayanan ƙidaya na zamani kaɗai ba lallai ta yi aiki a inda babu su ba. Mujalla na iya zama mai tasiri ƙwarai a wani yanki, ta zama ba ta taɓa matsalar da ke gabanka ba.

Ka tuna kuma cewa ɓangaren GIS da ya karkata ga kimiyyar kwamfuta yakan fara fitar da sabon aiki a taruka, irin ACM SIGSPATIAL da COSIT da taron GIScience da aka fara a 2000. Idan rumbun da kake amfani da shi bai ƙunshi takardun taro sosai ba, mujalla irin GeoInformatica za ta bayyana ƙasa da matsayinta.

Mataki na tara: rubuta hukuncinka

Shafi ɗaya ya isa. Sanya tambayarka a sama, sai ranar da ka ɗauko bayanai da rumbun da ka ɗauko su, domin lambobin OpenAlex da Google Scholar suna sauyawa kullum. Biye da shi jadawalin ma'aunai na shekara biyar, da adadin tsakiya na mujallar da na abokan kwatancenta, da kason ambaton kai, da fannoni uku ko huɗu da suka fi ambatonta, da misalai biyu ko uku na aikin da ya shiga manhaja ko takardar hukuma. Kada ka haɗa su ka fitar da maki ɗaya, domin da ka yi haka ka koma inda ka fito.

Idan rahoton na kwamitin ɗaukar aiki ko ƙarin girma ne, ƙara layi ɗaya da ke cewa wannan bayani na mujalla ne, ba na maƙalar mai nema ba. Sanarwar San Francisco ta 2012, wadda aka fi sani da DORA, ta nemi a daina amfani da ma'aunin mujalla wajen auna mutum, kuma ƙa'idoji goma na Leiden da aka buga a mujallar Nature a 2015 sun ce lissafi ya taimaka wa hukuncin masana ne, kada ya maye gurbinsa. Don haka a haɗa rahoton da maƙalu biyu ko uku da mai neman ya zaɓa da kansa, a ba wanda ya san fagen ya karanta su kafin ranar zama.